Mai horar da dawaki zai yi bitar kwana uku a garinmu: in kai ingarmana ko asarar kuɗi ce?

Tambaya: Ina da ingarma ɗan shekara huɗu da na saya saboda hawan sallah. A turke lafiya lau yake, amma da an sa masa linzami sai ya kama jijjiga kai, in an matsa masa ya yi taɓarya. Sau biyu yana ka da yaron da ke kilisa da shi. Yanzu an ce wani mai horo da ke yawo gari-gari, wanda ya koyi aikin irin na Amurkawa, zai zo ya yi bitar kwana uku. Na ga bidiyon irinsu, mutum ya shiga da doki cikin shinge, kafin rabin awa dokin yana bin sa kamar tunkiya. Gaskiya ce ko rufa-ido? Kwana uku zai gyara mini doki?

Amsa: Alhaji, ka je. Amma in nufinka ka sa a loda dokin a mota, ka ba yaro kuɗi ya kai shi, kai kuma ka jira a dawo maka da shi gyararre ranar Lahadi, to ka bar kuɗinka a aljihu. Irin wannan bita mutum ake koya wa, dokin abin gwaji ne kawai. Duk hannun da zai riƙe ragamarsa bayan mai horon ya tafi, shi ya kamata ya kasance a filin: kai, da yaron nan da ya sha ƙasa sau biyu. In ma ɗaya za a zaɓa, yaron ya fi ka buƙatar zuwa, don shi ke tare da dokin safe da yamma, kai sai ranar Juma'a.

Kafin nan akwai abin da zan roƙe ka, domin abin da ka bayyana ya fi mini kama da ciwo fiye da rashin kunya. Dokin da ke da ladabi a turke, sai ƙarfe ya shiga bakinsa sannan ya birkice, bakin ake fara dubawa. Daga shekara biyu da rabi zuwa biyar doki yana cikin famfara, haƙoran yarinta suna zubewa na girma suna fitowa, ga fiƙar ingarma da ke ɓullowa tsakanin shekara huɗu da biyar, daf da wurin da linzami ke kwanciya. Wasu dawakin kuma suna da wani ɗan ƙaramin haƙori a gaban turamen sama, wanda ƙarfe ke iya bugu. Su kansu turamen kullum cikin fitowa suke, kuma da yake muƙamuƙin sama ya fi na ƙasa faɗi, gefensu yakan yi kaifi har ya yanki kunci da harshe. Likitan dabbobi zai buɗe bakin, ya goge kaifin da magagari, ya cire abin da ya kamata a cire. Ka sa ya shafa gadon bayan ma, ya duba inda sirdi ke zama da inda majayi ke kamawa.

Ina faɗin wannan ne da kunya. Ina saurayi aka ba ni wani akawal in gyara, shi ma da an ɗora masa sirdi sai tutsu. Wata guda ina fama da shi, bulala ta ƙare a jikinsa, ni kuma ina ta yi wa mai shi alfahari cewa na kusa karya masa taurin kai. Wani dattijo da ya tsufa a barga ya zo wucewa, bai ce mini komai ba, ya ɗaga jalalar, ya danna yatsa biyu a bayan kafaɗar dokin. Dokin ya durƙusa kamar an sare shi. Ƙashin sirdin ne ya tsage yana cin namansa ta ƙarƙashi, gashi ya rufe wurin. Dattijon ya dube ni ya ce, “Ɗan nan, wata guda yana gaya maka, kai ne ba ka jin magana.” Mai horo na ƙwarai, ko daga ina ya zo, wannan dubawar zai fara yi. In ka ga bai yi ba, ka fara shakkarsa tun daga nan.

Ita wannan sana'a ta yawon koyar da horon doki a Amurka ta kafu, a can suna kiran taron da kilinik, kalmar da muka sani ta ƙaramin asibiti, ko da yake ba allura ba magani. Tun ƙarni na sha tara akwai masu yin ta. John Rarey, mutumin jihar Ohayo, ya tsallaka Ingila, a 1858 ya lallashi wani mugun ingarma mai suna Cruiser da kowa ya sallama, har ya nuna aikinsa a gaban Sarauniya Biktoriya. Dabararsa ita ce ya ɗaure ƙafar gaba guda da maɗauri har dokin ya kwanta, sannan ya yi ta shafa shi. Amma irin bitar da ake yi yau, tushenta wasu makiyayan shanu ne na yammacin ƙasar. Tom Dorrance, wanda aka haifa a Oregon a 1910 ya rasu a 2003, shi da yayansa Bill, mutane ne marasa son surutu da suka yi rayuwarsu a bayan doki. Wajen 1960 wani makiyayi mai suna Ray Hunt ya haɗu da wani doki, Hondo, da ya gagare shi, aka haɗa shi da Tom. Abin da ya koya a nan ya sauya masa aiki gaba ɗaya, kuma daga shekarun 1970 shi ne ya ɗauki abin ya shiga yawo da shi gari-gari har ya rasu a 2009. Almajirinsa Buck Brannaman ya gaji hanyar, yakan shafe yawancin shekara a kan titi da motar dawakinsa. Pat Parelli da Monty Roberts su suka mayar da abin babban kasuwanci, da makarantu da takardun shaida da kayan sayarwa.

Tsarin kusan ɗaya ne ko'ina. Wani mai fili ko ƙungiyar mahaya su gayyaci mai horon, a yi kwana uku ko huɗu. Da safe a yi ajin dukusai, waɗanda ba a taɓa hawa ba, ko ajin aikin ƙasa da ragama. Da yamma a yi na mahaya. Masu zuwa da doki su biya kuɗi mai kauri, 'yan kallo su biya kaɗan su zauna a bakin shinge. Kada ka raina kujerar ɗan kallo. Wanda ke cikin fili hankalinsa na kan dokinsa da kunyar idon jama'a, na bakin shinge kuwa yana ganin kuskure iri ɗaya a hannun mutum goma, har ya gane shi.

To me ake koyarwa? In ka tattara duk surutun, abu guda ne: doki ba ya koyo daga matsi, daga saki yake koyo. Ja da ragama, matsa ƙafa, taɓa ƙaimi, duk tambaya ce kake yi masa. Shi bai san amsar ba, sai ya shiga lalube: ya ja baya, ya ɗaga kai, ya karkata, ya taka gaba. Duk abin da yake yi a daidai lokacin da matsin ya gushe, shi zai riƙe a matsayin amsa. Masana halayyar dabbobi irin su Andrew McLean na Ostareliya sun yi ta nazarin wannan, kuma abin da suka tabbatar bai saɓa wa abin da tsofaffin makiyayan suka gano da hannu ba. Ray Hunt yakan ce a sauƙaƙa wa doki abin da ake so, a wahalar masa da wanda ba a so.

Bari in nuna maka yadda yake a aikace, don za ka iya gwadawa gobe da safe. Ka sa masa ragama kawai, ba linzami. Ka tsaya gefen kafaɗarsa ta hagu, ba gabansa ba. Ka zura hannu a igiyar, ka ɗauke sakin da ke cikinta a hankali har ka ji nauyin kansa a yatsunka, kana nufin ya karkato da hancinsa wajenka. Kada ka fizga, kada ka ƙara ƙarfi, kada kuma ka saki. Ka riƙe kawai, kamar mai riƙe da guga cike a bakin rijiya. Zai taurare wuya, wataƙila ya jingina da igiyar, wataƙila ya fara zagaya ka da ƙafafu. Ka bi shi, hannunka yana yadda yake. Can za ka ji igiyar ta yi sako-sako da kanta, ko da faɗin yatsa biyu ne, don ya ba da kai. A wannan ƙiftawar idon za ka buɗe hannu gaba ɗaya, igiyar ta faɗi. Ka bar shi ya huta, ka ƙirga goma a zuci. Sau da yawa za ka ga ya sauke kai, ya lashi baki, ya saki numfashi. Ka sake. A karo na biyar ko na shida, da ka ɗaga igiyar zai biyo ta tun kafin ta miƙe. Sai ka koma dama ka faro daga farko, domin abin da doki ya koya a gefe guda ba lallai ya kai shi ɗaya gefen ba.

A faɗe abin kamar wasa. Wahalar tana cikin lokacin sakin. Hannun ɗan Adam ya saba da damƙewa in ya tsorata, kuma ya saba da ƙara ja in ya ga an fara ba shi. Yawancinmu muna makara da daƙiƙa biyu ko uku, dokin ya riga ya ba da kai bai ga amfanin hakan ba, ya koma turjiya, mu kuma a nan muke gajiya mu saki. Ka ga mun koya masa turjiya da hannunmu. Wannan makarar ba ka iya ganinta a kanka, bidiyo kuma ba ya iya gaya maka. Sai mutum ya tsaya kusa da kai yana cewa “yanzu, saki” har jikinka ya kama. Kuɗin bitar duka wannan kake saya, kuma a ganina ya cancanta.

Yanzu ka auna taɓaryar dokinka da wannan ma'auni. Yaro ya hau, ya matsa masa ƙafa ya tafi, a lokaci guda kuma don tsoro ya ɗame kamazuru. Gaba a rufe, baya ana tura shi, saura sama. Ya ɗaga ƙafafun gaba, yaron ya faɗo ko ya saki komai ya rungumi wuya, nan take duk matsi ya ɗauke. Sau biyu aka yi haka, in ji ka. A wurin doki sau biyu karatu ne cikakke. Maganin da mai horo zai nuna muku ba a sama yake ba, a ƙasa yake: doki ba ya iya taɓarya sai ya tsaya cak ya tattara nauyinsa a ƙafafun baya biyu. Don haka ake koya masa tafiya gaba da an nema, da kuma karkatar da kai gefe guda yana kawar da kuturinsa, ƙafar baya ɗaya tana gitta ɗayar. Mahayi ya ji alamar zai tashi, sai ya ɗauki kamazuru ɗaya kawai ya juya shi, ba biyu ba. Masu cewa a fasa masa ƙwai ko gorar ruwa a ka, ko a fizgo shi ya faɗi ta baya don ya ji tsoro, ka rabu da su. Dokin da ya kifa ta baya yana iya fasa ƙeyarsa ya mutu nan take, in kuma da mutum a kai, sirdinmu mai ƙwacciya gaba da baya ba ya barin mahayi ya zame da wuri.

Sai batun linzamin kansa, inda na san za a yi gardama a bitar. Linzaminmu na gargajiya, mai harshe da ke tokarar ganɗa da zoben da ke zagaye haɓa, kaifi gare shi, shi ya sa yake tsayar da doki cak a jafi gaban sarki. Baƙon mai horo yana iya ganinsa ya ce a jefar. Ni ban ce a jefar ba, na ce ba a fara karatu da shi. Abin sha'awa, su makiyayan Kalifoniya da su Dorrance suka ɗebi al'adarsu suna da nasu linzamin mai babban harshe wanda ba ya kasa namu tsanani, amma ba sa sa wa doki shi sai bayan shekaru. Da wata ragama mai kauri ta saƙaƙƙiyar fata suke farawa, wadda sunanta ya zo musu daga Sifaniyanci, Sifaniyawa kuma suka aro daga kalmar Larabci shakima. Mu ma linzami da sirdi da likkafa duk daga Larabci muka samo sunayensu. Daga ragamar sai su haɗa ta da linzamin, kamazuru biyu-biyu, har dokin ya iya ɗaukar ƙarfen a bakinsa ana yi masa magana da motsin yatsa. Mu kuwa sau da yawa ranar da aka fara hawan dukushi ranar ake cusa masa linzamin babansa. Naka dokin, bayan likita ya gama da bakin, a mayar da shi ragama na 'yan makonni, sannan linzami mai sauƙi mai gaɓa a tsakiya irin na 'yan folo, na gargajiyar ya zo daga ƙarshe.

Bidiyon da ka gani na doki yana bin mutum ba rufa-ido ba ne, amma ba abin mamaki ba ne kamar yadda ake tallata shi. Shingen zagayayye ne, faɗinsa kamar mita 15 zuwa 18, ba lungun da doki zai maƙale. Mutum ya kora shi yana zagayawa, da ya juyo da kunne ko ya sauke kai sai a daina korar, a juya masa kafaɗa. Nan da nan ya gane kusa da mutumin ne kawai ake samun hutu. Monty Roberts ya yi suna da wannan, har Sarauniya Elizabeth ta gayyace shi fadar Windsor a 1989 ya nuna mata, kuma yana bayyana shi da cewa yaren dawaki ne yake yi da jikinsa. A 2012 wasu masu bincike a Jami'ar Sidni suka gwada abin da 'yar motar wasan yara mai rimot: ta kori doki, ta tsaya in ya juyo, sai ga dawaki suna matsowa wajen motar. Mota ba ta da yaren jiki. Matsi da saki ne dai. Kuma dokin da aka ɗora wa sirdi cikin rabin awa an fara shi ne kawai, hannun gwani ne ya riƙe shi a fili mai shiru. Ka mayar da shi hannun da ya saba, cikin mako guda zai koma gidan jiya.

Shi mai horon da zai zo, ranar farko ta isa ka san ko wane ne. Ka dubi dokin da yake hawa in ya zo da nasa, ka dubi bakinsa da haƙarƙarinsa ko akwai tabo. Ka lura ko yana tambayar tarihin kowane doki kafin ya taɓa shi. Ka ga ko yana miƙa wa mai doki igiya ya koya masa, ko kuwa shi kaɗai yake ta burge jama'a. Dokin da ya gama da shi, a natse yake yana lumshe ido, ko ya jiƙe sharkaf yana haki ya tsaya don ƙarfinsa ya ƙare? Gajiyayyen doki da horarre suna kama da juna na awa ɗaya, washegari ake bambance su. Wanda ya yi ta kora doki a shinge cikin zafin rana fiye da minti ashirin, ko ya ce sai ka sayi sandarsa da ragamarsa ta musamman aikin zai yiwu, ko ya yi maka alkawarin gyara kowane doki cikin kwana uku, ɗan kasuwa ne. Na ƙwarai za ka ji wani lokaci ya ce, “Wannan ya fi ƙarfin bita, yana buƙatar wata biyu.” Takardar shaida daga waje ba ta dame ni ba, don a Amurkar ma babu wata hukuma da ke ba da lasisin wannan sana'a, kowa na iya buga kati ya kira kansa gwani.

Ka gaya wa masu shirya taron tun da wuri cewa ingarma za ka kawo. A can yawancin dawakin hawa dandaƙaƙƙu ne, wasu masu bitar ma ba sa karɓar ingarma a aji, mu kuwa kusan duk abin da muke hawa maza ne cikakku. In akwai goɗiya a filin, a nisanta su. Ka tafi da bokitinka da abincinka, kada ya sha a kwamin taro, kada a bar shi yana shinshinar hancin baƙin dawaki. Murar dawaki da ta ratsa Sakkwato da Nijar a 2018 zuwa 2019 ta kashe jakuna masu yawa, kuma irin wannan cuɗanya ce ke yaɗa ta. In ya dawo gida ka ware shi daga sauran kamar mako biyu kana lura da tari ko majina.

Akwai kuma abin da mai horon ba zai gani ba, don a gidanka yake. Doki dabba ce da aka halitta tana tafiya tana kiwo mafi yawan yini, cikinsa ƙarami, ci kaɗan-kaɗan. Namu yana ɗaure a turke awa ashirin da uku, an cika shi da dawa da gero da dusa don ya yi ƙiba ya yi sheƙi, sannan a fito da shi awa guda a ce ya yi ladabi. Ɗan shekara huɗu mai jini a jika, ko ba ciwo ko ba linzami, zai nemi inda zai zubar da wannan ƙarfin. Ka rage hatsin, ka ƙara harawa da ciyawa, ka samar masa wurin da zai sake ya yi birgima ko na awa biyu ne. Ka tuna kuma ƙashin bayansa bai gama ƙosawa ba sai wajen shekara shida, don haka kayan ado masu nauyi da doguwar sukuwa a yi masa su da sauƙi.

Bayan bitar, minti goma sha biyar zuwa ashirin kullum ya fi awa uku ranar Asabar. Kai da yaron ku daidaita hannu, alamar da ɗaya ke bayarwa ita ɗayan zai bayar. Ka ɗauki bidiyon abin da mai horon ya yi da dokinka da wayarka, ka karɓi lambarsa, ka tambaye shi yaushe zai sake biyowa.

Game da sallar kuma, ba a fafe gora ranar tafiya. Ko ya daina taɓarya a fili mai shiru, bai taɓa jin harbin 'yan bindiga ya tashi a bayan kunnensa ba, bai san kakaki da algaita da tambari ba, bai saba da laima tana juyawa a kansa ko babbar riga tana kaɗawa a kuturinsa ba. Wannan kam mai horo irin na Amurkawa ba zai koya maka shi ba, tsofaffin 'yan bargar gidan sarauta su ne malamansa. Ɗaya bayan ɗaya ake gabatar masa da su, daga nesa, a matso kaɗan, a janye abin da zarar ya tsaya ya natsu, ba lokacin da yake zillo ba. Ka samo mai kalangu ya riƙa zuwa lokacin ba shi abinci, ya fara kiɗa daga ƙofar gida. Ka riƙa fita da shi tare da wani tsohon doki da ya sha hawa, ya jera da shi. In saura ƙasa da wata uku a yi hawan, bana ka ari wani ka hau, naka a ja shi da ragama a bayan tawaga ba kowa a kansa, mutum biyu suna riƙe da shi, ya ga taron ya ji ƙarar ya dawo gida.